Agogon Mita 3,900 a Garin da Babu Teku

Wani salo ya shigo wuraren ɗaurin aure a Sakkwato. Mutum zai miƙo hannu a gaisa, sai ya ɗan girgiza shi don hannun riga ya ja baya, wani ƙaton agogo ya leƙo kamar murfin gwangwani. Kwanan baya a Mabera, ana zaune kan tabarma ana jiran liman, wani matashin ɗan kasuwa yana yi wa dattijon da ke gefensa bayanin nasa: "Ranka shi daɗe, wanga agogo har mita dubu ukku da ɗari tara shika shiga cikin ruwa." Dattijon ya kama hannun, ya juya shi sama da ƙasa, ya auna nauyin a tafinsa, sannan ya ce, "To ɗana, kai mita nawa kaka shiga?"

An yi dariya an wuce, amma tambayar tana nan ba a amsa ta ba. Ra'ayina shi ne: agogon nutso abu ne mai kyau, har ma ya fi yawancin agoguna dacewa da ƙurarmu da zufarmu. Amma da zarar faɗinsa ya haura milimita 42, kaurinsa ya wuce 14, kuɗin da aka ƙara ba amfani aka saya da shi ba. Nauyi aka saya, da suna. Wanda ya san haka ya kuma saya, shi da aljihunsa. Wanda nake yi wa magana shi ne wanda aka gaya wa cewa girman shi ne ingancin.

Waɗanda suka fara nutso da shi ba ƙato suka ɗaura ba

A 1953 ne kamfanin agogo na Blancpain ya fito da agogon Fifty Fathoms don sojojin ruwan Faransa, a wannan tsakanin kuma Rolex ya fito da Submariner. Zurfin da aka yi alkawari a lokacin bai wuce mita 100 ba, kuma faɗin Submariner ɗin farko bai kai milimita 40 ba. Da waɗannan aka yi aikin gaske, lokacin da ran mutum ke rataye da agogonsa.

Aikin ma ɗaya ne. Zoben da ke zagaye da fuskar agogon ana juya shi, a daidaita alamarsa da hannun minti kafin a nutse, sai mutum ya riƙa ganin minti nawa ya yi a ƙasa. Gefe ɗaya kawai yake juyawa, don ko an buge shi ya goce, ya nuna an daɗe fiye da yadda aka yi, mutum ya fito da wuri da sauran iska a tukunyarsa. Ƙa'idar duniya ta ISO 6425 ta tattara sharuɗɗan: ya jure aƙalla mita 100, a gwada shi da ƙarin kashi 25 cikin 100 a kan abin da aka rubuta, a iya karanta shi cikin duhu daga nisan santimita 25, ya jure bugu da maganaɗisu da ruwan gishiri. Babu inda ƙa'idar ta ce sai ya yi girman faifai.

Yau ma masu nutso sun koma wa ƙaramar kwamfutar hannu, mai lissafa zurfi da lokaci da inda ya kamata a dakata kafin a taso. Agogon ya zama na ko-ta-kwana, in ma an ɗaura shi ke nan.

Ina ɗan Adam yake kaiwa?

Mai nutson shaƙatawa da ya samu horon farko mita 18 aka yarje masa. Iyakar masu wannan harkar gaba ɗaya mita 40 ce. Ahmed Gabr, Bamisiren da ya kafa tarihi a Dahab ta ƙasar Masar a 2014, mita 332 ya kai da tukwanen iska, ya gangara cikin 'yan mintuna, ya kwashe sama da awa 13 yana tasowa. Kamfanin COMEX na Faransa ya kai ma'aikatansa mita 534 a cikin teku a 1988.

Ga misali na gida. A watan Mayun 2013 jirgin Jascon-4 ya kife a tekun da ke gaban Neja Dalta, kukunsa Harrison Okene ya yi kusan kwana uku a ɗan kumfan iska kafin ƙwararrun masu nutso su ciro shi. Duk wannan abin al'ajabin a zurfin mita 30 aka yi shi.

To a ajiye waɗannan alƙaluman kusa da na agogunan. Rolex Deepsea, wanda ya fito a 2008, mita 3,900 ne, faɗi milimita 44, kauri kusan 18. Omega Ultra Deep na 2022 mita 6,000 ne, faɗi 45.5. Rolex Deepsea Challenge, shi ma na 2022, mita 11,000, faɗi milimita 50, kauri 23, wato kusan inci guda a tsaye kan wuyan hannu. Kakansa a jikin jirgin ƙarƙashin ruwa na Trieste aka ɗaure shi ta waje a 1960, lokacin da Jacques Piccard da Don Walsh suka sauka ramin Mariyana, wuri mafi zurfi a tekunan duniya. Ko su, suna ciki ne, agogon yana waje. Babu hannun da zai bi shi can ya dawo da rai.

Mu kuwa daga Sakkwato zuwa bakin teku tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Ruwan da muke da shi Gulbin Rima ne, da tafkin Kware, da madatsar Goronyo, sai kwamin wanka na otal.

Abin da zurfin ke ci a hannunka

Girman ba ƙawa ce aka yi da gangan ba, lissafi ne ya tilasta shi. Kowace mita 10 a ruwa tana ƙara matsi kwatankwacin kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. A mita 300, matsin ya ninka iskar tayar mota fiye da sau goma. A mita 3,900 kuwa, abin da ke danne gilashin agogon ya kai wajen tan 3. Dole gilashi ya yi kauri: na Deepsea milimita 5.5 ne, na Deepsea Challenge 9.5. Dole a saka wani zoben ƙarfe a ciki ya tokare tsakanin gilashi da murfin baya. Dole bangon ya ƙaru. Injin da ke tsakiya fa? Na Deepsea da na Submariner mai kwanan wata iri ɗaya ne, lamba 3235, mai ci gaba da aiki awa 70 in an cika masa wani. Lokacin da ƙaton zai ba ka shi ƙaramin zai ba ka, daƙiƙa da daƙiƙa.

Submariner na ƙarfe yana wajen giram 150. Deepsea ya haura 200. Deepsea Challenge, duk da an yi shi da titaniyom, ƙarfe marar nauyi sosai, don a rage nauyi, yana wajen giram 250, rabin ledar fiya wata ke nan. Mai son ya san yadda abin yake tun kafin ya biya, ya zubar da rabin ledar, ya ɗaure sauran a wuyan hannu daga hantsi zuwa la'asar a watan Afrilu.

Abin da ke biyo baya sananne ne ga duk wanda ya ɗaura irinsu. Agogo mai nauyi a sama ba ya zama wuri ɗaya. In an sassauta sarƙar, sai ya gangaro kan ƙashin wuyan hannu ya riƙa juyawa gefe. In an matse ta, da zafi ya taso hannu ya ɗan kumbura sai ta shata a fata, zufa ta taru a ƙarƙashi, ƙuraje su fito. Wurin sujada, da an dafa ƙasa hannu ya tanƙware, maɓallin saitin da ke gefe zai soki bayan hannu, a yini sau nawa ke nan. Hannun kaftani mai maɓalli ba ya hawa kan milimita 18, sai dai a bar shi a tattare a bayansa, shaddar da aka sha bugu ta yamutse, bakinta ya fara cinyewa. Kuma abin da ya yi tsini sama da hannu shi ke fara gaisawa da ƙofar mota da ƙyauren gida. Zoben agogunan yanzu na tangaran ne mai tauri: ba ya karcewa, amma in ya sha bugu mai kyau tsagewa yake yi, kuma ba a like shi, sai dai a canza.

Sai wata 'yar ƙofa a gefen wasunsu da dillalai ke son nunawa, ta fitar da iskar hiliyom. Amfaninta ga mutum ɗaya ne: ma'aikacin da ke kwana da kwanaki, wani lokaci makonni, a cikin ɗakin matsi yana shaƙar hiliyom da iskar numfashi, irin masu gyaran bututun mai a teku. Hiliyom kan silale ta shiga agogon, in an zo rage matsi ta rasa hanyar fita ta tunkuɗe gilashin. Rolex ya saka ƙofar a agogonsa na Sea-Dweller don wannan matsalar, Seiko kuma a 1975 ya magance ta ba tare da ƙofa ba, ya toshe agogon yadda iskar ba za ta shiga da yawa ba tun farko. Ga wanda ba ya wannan aikin, ƙarin rami ne kawai a jikin agogo, da ƙarin robar da za ta tsufa.

Abin da Sakkwato ke yi wa agogo

A nan ne nake goyon bayan agogon nutso, ƙarami dai. Maƙiyan agogo a garin nan uku ne: ƙurar hunturu, zufar bazara, da ruwan alwala sau biyar. Agogon ado mai rubutun mita 30 a baya fantsalin ruwa kawai yake jurewa. Na nutso yana da maɓallin da ake murɗawa ya kulle kamar noti, da murfin baya mai murɗi, da zobban roba a kowace kafa. Abin da ya hana ruwa shiga shi ke hana ƙura. Mita 200 ta wadatar har da ragi.

Sai dai wannan kariyar ba a bangon ƙarfe take ba, a robar take, kuma robar agogon mita 3,900 tana tsufa kamar ta kowa. Zafin da ke haura digiri 40 yana busar da ita. Sabulu da turaren da ake fesawa a wuyan hannu suna cin ta. A bar agogo a gaban mota a rana, a dawo a kunna sanyi, roba ta buɗe ta tsuke, a kwana a tashi ta saki.

Mafi yawan ruwan da ke shiga irin waɗannan agogunan ma ba ta nan yake bi ba. Mutum ne zai kwance maɓallin ya gyara kwanan wata, ya manta bai murɗa ba, ya tafi alwala. Washegari sai ga raɓa a cikin gilashi. In an ga haka kada a sa shi a rana, kada a binne shi a shinkafa ana jira. Tsatsa na fara cin injin cikin 'yan kwanaki, sai a kai shi a buɗe a busar. Wasu kuma garin sauri sukan murɗa maɓallin a karkace su cinye zaren. Yadda ake yi shi ne a danna a hankali, a ɗan juya baya har a ji ya zauna, sannan a murɗa gaba, a tsaya da zarar ya kama. Ba a ɗaure shi da ƙarfi kamar notin taya.

Ƙura kuwa takan shige ƙarƙashin zobe har a ji yana ƙuruc-ƙuruc in an juya, ta haɗu da zufa a gaɓoɓin sarƙa ta zama kamar sanfefa, tana cin ƙusoshin har sarƙar ta saki ta yi laɓo-laɓo. Maganinta a tabbatar maɓalli a kulle yake, a wanke da ruwa mai ɗan ɗumi da tsohon buroshin haƙori duk mako biyu a lokacin hunturu, ana juya zoben a ƙarƙashin ruwan. Agogo mai nauyi ya fi saurin cin sarƙarsa, don kaya ya fi yawa a kan ƙusoshin.

Sannan ga gyara. Masu gyaran agogo na babbar kasuwa sun iya aikinsu, za su canza batir, su wanke inji, su daidaita sarƙa. Amma murfin Rolex da mabuɗinsa na musamman ake kwance shi, kuma bayan an rufe sai an saka agogon a na'urar gwajin matsi kafin a ce ya koma yadda yake. In ba a yi wannan gwajin ba, lambar da ke rubuce a fuska tarihi ce kawai. Na mita 3,900 kuwa ba kowace cibiyar sabis ba ce ke da tankin da zai gwada shi har ƙarshe. Ke nan sai Legas ko Abuja, ko a ba mai tafiya Dubai, a jira makonni, a biya da dala.

"Ai ƙarfi ba ya yawa"

Wannan ita ce hujjar da aka fi ji, kuma tana da daɗin faɗa. Amma ƙarfin jure matsi daban, ƙarfin jure faɗuwa daban. In agogo ya suɓuce a bakin famfon masallaci ya faɗi kan siminti, abin da ke lalacewa shi ne siririn gashin ƙarfen da ke bugawa a cikin inji da ƙananan sandunansa, kuma kaurin gilashi ba ya kare su. Mai nauyi ma ya fi buguwa. Wanda ƙarfi ne damuwarsa tsakani da Allah, agogon G-Shock na roba, ƙirar kamfanin Casio, zai yi masa abin da agogon miliyoyi ba zai yi ba.

Wasu su ce babba ya fi saurin karantuwa. Da gaskiya ne in fuskar ce ta ƙaru. A Deepsea ƙarin ya tafi ga bango da zoben ciki, filin da hannayen ke yawo bai fi na Submariner da wani abin kirki ba. Agogon kamfanin Panerai ne za a iya ba wannan uzurin, don tun asali a shekarun 1930 milimita 47 aka yi wa sojojin ruwan Italiya, kuma fuskar ce ta cika wurin. Amma su a kan rigar nutso suke ɗaura shi, ba a kan fata ba.

Mai jiki fa? Nan na sallama rabi. Mutum mai kaurin hannu, a cikin babbar riga mai aska takwas, ƙaramin agogo kan ɓace masa, milimita 44 kuma ta zauna daidai. Amma wannan awo ne, ba ra'ayi ba. A karɓi tef ɗin tela a zagaye wuyan hannu daidai bayan ƙashi. In bai kai santimita 17 ba, a tsaya tsakanin milimita 38 da 41. Daga 17 zuwa 19, har 43 babu laifi. Sai wanda ya haura 19 ne 44 zuwa sama za ta yi wa kyau. Awon da ya fi wannan muhimmanci, wanda dillalai ba sa ambata, shi ne tsawon agogon daga ƙahon sama zuwa na ƙasa, inda sarƙa ke kamawa. A ɗora rula a kan shimfiɗar wuyan hannu. In ƙahonin sun kai baki ko sun leƙa waje, sarƙar za ta sauka a tsaye kamar labule, agogon kuma ba zai taɓa zama ba komai matsewa. Kada a yarda da hoton waya, kusantar kyamara na ƙara wa agogo girma. A tsaya gaban madubi daga nesa.

"Kadara ce"

Submariner sabo a wurin dillalin hukuma yana wajen dala dubu 10. Deepsea ya ɗara shi da dubbai. Deepsea Challenge da dala dubu 26 ya fito, wanda a canjin da muka shiga tun 2024 ya haura naira miliyan 30. Gaskiya ne wasu samfuran Rolex na riƙe daraja, kuma wanda ya ajiye dukiyarsa a abin da ake saye da dala ya tsira daga faɗuwar naira. Amma kasuwar agogunan hannu ta yi tashin gwauron zabo har farkon 2022, sannan ta gangaro, waɗanda suka saya a ƙololuwa suka tafka asara. Sauran kamfanoni da dama kuwa, da ka fito daga shago wani kaso na kuɗinka ya tafi.

Ƙaton ma ya fi wuyar sayarwa, don hannayen da zai hau kaɗan ne. Kuma a Sakkwato wa zai saya? Fili a Arkilla ko bijimi a Kara, yau ka nemi kuɗi gobe ka samu, kowa ya san farashi. Agogo sai ka nemi wanda ya yarda ba jabu ba ne, alhali kwafin da ake yi yanzu sai an buɗe baya kafin gwani ya rantse. In babu kati da kwali, farashi ya faɗi. In an taɓa goge shi da inji don ya yi ƙyalli, ya sake faɗi. Wanda kuma ya saya da niyyar kasuwa, ya sani abin ya zama hajar ciniki, sai ya tambayi malaminsa batun zakka.

(A 2024 an fito da Deepsea na zinare, mai nauyin sama da giram 300. Wannan ko ba a kai ga maganar girma ba, hukuncin zinare ga namiji Musulmi ya riga ya rufe zancen.)

Saura hujja ɗaya da ba ni da amsarta, kuma ba na neman amsa: mutum ya ce yana son abin ne kawai, yana jin daɗin sanin cewa injiniyoyi sun ƙera abin da zai sauka ƙasan teku ya ci gaba da bugawa. Wannan sha'awa ce irin ta mai kiwon doki, wanda ba ya cewa don ya riga mota zuwa Illela ya saye shi. Aikin da ke cikin agogunan nan na gaske ne, ba yaudara ba. Kawai dai a kira shi ado.

Mai neman abin da agogon nutso ke bayarwa a aikace, zaɓi na nan a kowane mataki. Casio Duro mai batir mita 200 ne, kuɗinsa bai kai dala 100 ba, kuma kuskurensa a wata bai wuce abin da mai inji zai iya tarawa a 'yan kwanaki ba, don ma'aunin COSC, hukumar Suwizalan mai gwada daidaiton agoguna, wanda ake alfahari da shi, ya yarda agogo ya yi jinkirin daƙiƙa 4 ko gaggawar 6 a kullum. Shi ma milimita 44 ne, sai dai siriri ne marar nauyi. Citizen Promaster da hasken rana yake caji, abin da ba mu rasa ba, kuma tunda ba a yawan buɗe shi don batir, robarsa ta fi daɗewa lafiya. Seiko na da masu inji a 'yan ɗaruruwan dala. Mai son suna ba tare da dakon kaya ba, Tudor Black Bay 58 milimita 39 ne, mita 200, kauri wajen 12, yana shigewa ƙarƙashin hannun kaftani ba gardama.

Kowanne aka ɗauka, kafin a biya a ɗaura shi, a rufe maɓallin hannun riga a kansa, a dafa teburin mai shago kamar za a yi sujada. In maɓallin saiti ya soki bayan hannu a wannan minti ɗayan, a ce a kawo ƙaraminsa.